Amanar ɗakin sauraro: tambayoyi da amsoshi kan ƙa'idojin aikin masanin halayyar ɗan Adam

Mutum ya shiga ɗaki, an ja ƙofa, ya zauna gaban wanda bai taɓa gani ba. Kafin awa guda ta cika ya faɗi abin da ya shekara 20 yana ɓoye wa matarsa, ko abin da aka yi masa yana ƙarami wanda ko mahaifiyarsa ba ta sani ba. Ya tashi ya fita. Wancan ya san cikinsa, shi kuwa ban da suna da takardar shaidar da ke rataye a bango, bai san komai game da wancan ba. Kusan duk ƙa'idojin wannan aiki daga wannan rinjaye na ɓangare guda suka samo asali. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mutane suka fi yi kafin su fara zuwa, ko bayan wani abu ya faru ya tsaya musu a rai. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka duk inda aka kawo dokar wata ƙasa an faɗi sunanta.

Shi wannan masani, shi ne likitan ƙwaƙwalwa?

A'a, ko da yake sukan yi aiki a asibiti ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwa likitanci ya karanta, yana rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam mai duba marasa lafiya kuwa ilimin tunani da ɗabi'a ya karanta, kayan aikinsa su ne sauraro da gwaji da jinya ta hanyar tattaunawa. A yawancin ƙasashe ba ya rubuta magani, sai wasu 'yan wurare kamar jihar New Mexico ta Amurka, wadda ta ba da wannan dama a 2002 ga waɗanda suka yi ƙarin horo. Sana'ar ba ta tsufa sosai ba. Lightner Witmer ne ya buɗe ɗakin duba mutane na farko irin wannan a Jami'ar Pennsylvania a 1896, kuma yara masu fama da karatu ya fara dubawa.

Me ya sa sai an rubuta ƙa'idoji? Ba a ce mutumin kirki ya san abin da ya dace ba?

Mutumin kirki ya san kada ya yi sata, kada ya yi ƙarya. Amma kirki kaɗai ba ya gaya masa abin da zai yi ranar da yarinya 'yar shekara 15 ta ce masa tana yanka hannunta da reza, ta kuma roƙe shi kada ya gaya wa mahaifinta da ke zaune a waje yana jira. A nan alheri biyu ne suka yi karo, riƙe amanarta da kare ranta, kuma duk wanda ya zaɓa sai ɗayan ya ji ciwo.

Yadda aka rubuta kundin farko ma ya nuna haka. Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, wadda ake kira APA a taƙaice, ta fitar da nata a 1953. Kwamitin da Nicholas Hobbs ya jagoranta bai zauna ya tsaro kyawawan kalmomi daga ka ba. Wasiƙu ya aika wa 'yan ƙungiya ya ce kowa ya rubuto wani lamari na gaske da ya taɓa sa shi tsaka mai wuya a bakin aiki. Labarai sama da 1,000 suka zo, daga cikinsu aka tace dokokin, kundin ya haura shafi 170. Wanda ake amfani da shi yanzu na 2002 ne, da gyare-gyare a 2010 da 2016. Wanda ya karanta shi da idon basira zai ga cewa kusan kowane layi akwai wanda aka taɓa cuta kafin a rubuta shi.

To mene ne ginshiƙan?

Kundin APA ya kafa biyar: amfanar da mutum tare da kauce wa cutar da shi, riƙon amana da ɗaukar alhaki, gaskiya, adalci, sai mutunta haƙƙi da darajar kowane mutum. Waɗannan buri ne da ake so masani ya riƙa dubawa. A ƙarƙashinsu akwai dokoki filla-filla a sashe 10, kuma a kan waɗannan ne ake hukunta wanda ya saɓa. Ƙungiyar Birtaniya huɗu ta ɗauka: mutuntawa, ƙwarewa, ɗaukar alhaki da gaskiya. A 2008 kuma manyan ƙungiyoyin duniya na wannan fanni suka amince da wata sanarwa ta bai ɗaya a taronsu na Berlin.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Kanada, wanda ya fara fitowa a 1986, saboda bai tsaya ga jero ginshiƙai ba, ya faɗi wanda za a fifita idan sun yi karo. Darajar mutumin da ke gabanka ita ce kan gaba, sai kula da shi yadda ya kamata, sai gaskiya a mu'amala, sannan alhakin da ke kanka game da al'umma. Amma ya yi togiya guda: idan rai na cikin haɗari a fili, kare rai na iya rinjayar abin da mutumin yake so. Jero kyawawan halaye kowa zai iya. Faɗin wanda zai ja baya ranar rikici shi ne aikin.

Duk abin da na faɗa a ɗakin zai tsaya a ɗakin?

Kusan duka, amma ba duka ba, kuma masanin da ya ce maka "komai ka faɗa ba mai ji har abada" ya fara da ƙarya. Asali dai sirri ne. Ba zai gaya wa matarka ba, ba zai gaya wa maigidanka na wurin aiki ba, ba zai ma tabbatar wa mai tambaya cewa kana zuwa wurinsa ba. Idan wani ya bugo waya ya ce, "Ɗan'uwana yana zuwa wurinku, ko?", amsar da ta dace ita ce ba ma faɗin wanda ke zuwa da wanda ba ya zuwa.

Iyakokin da aka fi samu a dokokin ƙasashe su ne: idan akwai haɗari na kusa ga ranka ko ran wani, idan ana cutar da yaro ko wani babba da ba zai iya kare kansa ba, sai kuma idan kotu ta ba da umarni.

Maganar ran wani tana da tarihi. A watan Agusta na 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Prosenjit Poddar, ya gaya wa masanin da ke duba shi cewa zai kashe wata budurwa. Masanin bai yi shiru ba, ya sanar da 'yan sandan jami'a. Suka tsare Poddar na ɗan lokaci, suka ga kamar hankalinsa ƙalau, ya yi alkawarin ba zai je kusa da ita ba, suka sake shi. Ba wanda ya gaya wa budurwar, Tatiana Tarasoff, ko iyayenta. Ranar 27 ga Oktoba na wannan shekara ya je gidansu ya kashe ta. Iyayen suka kai ƙara. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1974 cewa wajibi ne a gargaɗi wanda ake nufi da sharri, sannan a 1976 ta sake zama ta faɗaɗa hukuncin: wajibin shi ne a ɗauki matakin da ya dace don kare shi, ko ta gargaɗi, ko ta 'yan sanda, ko ta wata hanya. Ma'anar hukuncin ita ce rufin asiri yana ƙarewa inda haɗari ga jama'a ya fara.

Hukuncin jiha guda ne, kuma ko a Amurka jihohi ba su ɗauke shi iri ɗaya ba. Wasu sun wajabta, wasu sun ba da izini kawai. Masu suka kuma suna da hujja mai nauyi: idan mai mugun nufi ya san za a tona shi, zai yi shiru ko ya daina zuwa, a rasa mutum ɗaya tilo da zai iya sauko da shi. Har yau ana wannan muhawara. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne dole a faɗa maka iyakokin tun a zaman farko, kafin ka buɗe baki, domin magana zarar bunu ce. Ko da ya zama dole a fitar da wani abu, iya abin da ake buƙata za a fitar, ga wanda ya kamata ya ji kaɗai. Faɗa wa 'yan sanda cewa wane na cikin haɗari bai ba da lasisin karanta musu tarihin ƙuruciyarka ba.

Idan na ce ina tunanin kashe kaina, za a kira 'yan sanda ko a kulle ni?

Wannan tsoron ya hana mutane da yawa faɗin gaskiya, alhali tunanin mutuwa abu ne da masana ke ji kullum, kuma yawancinsa a cikin ɗakin ake magance shi. Zai tambaye ka kai tsaye, ba kwana-kwana: tun yaushe, ka tsara yadda za ka yi, abin yana hannunka, ka taɓa gwadawa, me ke riƙe ka? Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Daga nan ku tsara tare wanda za ka kira idan dare ya yi maka tsawo, da yadda za a nesanta ka da abin da ka yi niyyar amfani da shi. Sai haɗarin ya matso ƙwarai, kuma ka ƙi kowace hanya, sannan zai nemi taimakon waje ba da yardarka ba. Ko a nan ɗin ma, ƙa'ida ita ce ya bi hanyar da ta fi ƙarancin tauye maka 'yanci, ya kuma gaya maka abin da zai yi idan da hali.

Ni ke biyan kuɗin jinyar matata. Ba ni da haƙƙin sanin abin da take faɗa?

Babu. Kuɗin sun saya mata lokaci ne, ba su saya maka kunne ba. Haka abin yake ga kamfanin da ke biya wa ma'aikacinsa da uban da ke biya wa ɗansa baligi. Kana iya kiran masanin ka gaya masa abin da ke damunka game da ita, zai saurara, amma ba zai mayar maka da komai ba sai da izininta, kuma mai yiwuwa ya gaya mata ka kira.

Yara ne ke da sarƙaƙiya. Iyaye ke ba da izini a doka, suna kuma da haƙƙin sanin yadda jinya ke tafiya. Amma matashin da ya san duk abin da ya faɗa zai isa gida kafin shi, ba zai faɗi komai ba. Shi ya sa masani mai hankali kan zaunar da su duka tun farko ya ce wa iyayen: zan gaya muku ko muna ci gaba, zan kira ku nan take idan akwai haɗari, amma hirar yau da kullum tasa ce. A Ingila, hukuncin shari'ar Gillick na 1985 ya kafa cewa yaron da bai kai shekara 16 ba yana iya ba da izinin jinyarsa da kansa idan ya fahimci abin da ake magana a kai sosai. Wasu ƙasashen shekaru kawai suke ƙirgawa.

Takardar da aka miƙo mini in sa hannu ranar farko, ta mece ce?

Ta yarda ce, amma sa hannun ba shi ne yardar ba. Yarda ita ce ka fahimci irin jinyar da za a yi, tsawon lokacin da ake hasashe, kuɗin da yadda ake biya, abin da zai iya yi maka zafi a hanya, sauran hanyoyin da ke akwai, da iyakokin sirri, sannan ka ce to ba tare da an matsa maka ba. Idan wanda ke duba ka ɗalibi ne da ke ƙarƙashin kulawar wani, dole a gaya maka, har da sunan mai kula da shi. Idan za a naɗi murya ko hoto, sai ka yarda. Wanda ba ya karatu a karanta masa da harshen da yake ji. Idan da tafinta, shi ma amanar ta hau kansa, kuma bai dace a sa ɗan mutum ko mijinta ya zama tafinta ba, don wa zai faɗi asirinsa ta bakin wanda yake ɓoye wa? Kuma yardar ba ta ɗaure ka ba. Kana iya janye ta a zama na 10 kamar yadda ka ba da ita a na farko.

Mun shaƙu sosai. Me zai hana mu zama abokai?

Shaƙuwar gaskiya ce, ba abin kunya ba ce. Mutumin da ke sauraronka awa guda kowane mako, ba ya katse ka, ba ya kawo nasa kukan, dole zuciya ta karkata gare shi. Sai dai abin da ya sa ɗakin ke aiki shi ne ba ya neman komai a wurinka. Ranar da ya zama abokinka, ko abokin kasuwancinka, ko wanda ka ranta wa kuɗi, ya samu abin da zai kare. Zai fara tauna maganar da ya kamata ya faɗa maka, kai ma ka fara ɓoye abin da zai ɓata masa rai.

Ba kowace haɗuwa ce laifi ba. A ƙaramin gari inda masani ɗaya ne, dole ya haɗu da waɗanda yake dubawa a makarantar yara ko a layin banki. Kundin APA ma bai haramta kowace alaƙa ta biyu ba, sai wadda za ta iya gurɓata masa hukunci ko ta buɗe ƙofar ci da gumin mutum. Akwai wata 'yar ɗabi'a da ke nuna wanda ya san aikinsa: idan kuka yi kiciɓis a waje, ba zai fara gaishe ka ba. Zai bari kai ka zaɓa. In ka ɗauke kai, shi ma ya wuce, don kada wanda ke tare da kai ya ce, "A ina ka san wannan?" Mutane kan ɗauka girman kai ne, alhali rufin asiri ne.

Soyayya da kwanciya kuwa babu togiya. Haramun ne da wanda ake dubawa, haka da makusantansa kamar matarsa ko 'yarsa. Ba a kuma karɓar wanda aka taɓa soyayya da shi a matsayin majinyaci. Bayan an gama jinya, kundin APA ya sa shingen shekara 2 aƙalla, kuma ko bayan nan sai a yanayi na ba-safai-ba, masanin ne kuma zai tabbatar babu cuta a ciki. A ganina shekara 2 ɗin ma sassauci ne. Wanda ya san inda raunin mutum yake ba ya mantawa don kalanda ta juya. Kuma "ai ita ta nema" ba hujja ba ce ko kaɗan, domin tsare iyaka aikinsa ne shi, ba nata ba.

Irin wannan ɓarna ba ta faɗowa rana ɗaya. Zama ya fara wuce lokaci, an mayar da kai na ƙarshe a jerin yini, saƙonni sun fara shigowa da dare, ya fara ba ka labarin matsalar aurensa, ya ce kai daban ne da sauran. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kyauta fa?

Ƙaramin abu na godiya, kamar kati ko ɗan littafi ranar rabuwa, yawanci ba matsala, ƙin karɓa ma na iya zama cin fuska. Abu mai tsada ko kyautar da ke maimaituwa, sai a tsaya a tattauna abin da take nufi.

Ai magana ce kawai. Tana iya cutarwa?

Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. A shekarar 2000 a jihar Kolorado ta Amurka, wata yarinya 'yar shekara 10 ta mutu a wani zama da aka kira jinyar sake haihuwa. An naɗe ta cikin bargo, manya suka danne ta da matasan kai, wai ta yi ƙoƙarin fitowa kamar jariri don ta shaƙu da matar da ta ɗauke ta riƙo. Ta yi ta cewa ba ta iya numfashi, ba a saurara ba. An ɗaure mata biyu da suka jagoranci zaman shekara 16 kowacce, jihar kuma ta haramta hanyar a 2001.

Wannan ƙarshen muni ke nan, amma akwai cutar da kyakkyawar niyya ke kawowa. An daɗe ana tara waɗanda suka tsira daga bala'i a sa su ba da labarin abin da suka gani filla-filla a zama guda, da zaton hakan na hana ciwon firgici. Da aka bincika sai aka ga ba ya hanawa, wasu ma yana ƙara musu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina. Haka a shekarun 1990 wasu masu jinya suka yi ta jan mutane da tambayoyi masu dasa amsa har suka "tuno" abubuwan da ba su faru ba, gidaje suka watse.

Shi ya sa ƙwarewa take cikin ɗa'a. Wanda ya ƙware a ciwon damuwa na manya bai zama gwanin yara masu galahanga ba. Ya ce "wannan ba fannina ba ne, ga wanda ya fi ni" yana daga cikin alamun na ƙwarai. Togiyar ita ce gaggawa: idan babu kowa, zai taimaka har a samu wanda ya dace. Ƙwarewar ta haɗa da lafiyarsa shi kansa. Wanzami ba ya son jarfa, amma masanin da gajiya ko shaye-shaye ko rasuwa ta taɓa aikinsa wajibi ne ya nemi taimako, ya rage aiki ko ya dakata.

Zai yi ƙoƙarin canza mini addini ko ra'ayi?

Bai kamata ba, ta kowace fuska. Ba zai ɗauki imaninka a matsayin ciwo ba, ba zai kuma mayar da zaman wurin wa'azi ba. Idan mace ta zo tana tunanin ko ta zauna a aurenta ko ta fita, aikinsa ya taimaka mata ta ga lamarin sarai, ta auna da ma'auninta, ya kuma faɗi gaskiya idan ya ga haɗari. Zaɓin nata ne, ita za ta kwana da shi. Wannan ba ya nufin ya riƙa gyaɗa kai ga komai. Masanin da bai taɓa faɗa maka abin da ba ka son ji ba, kuɗinka kawai yake karɓa.

Gwajin ƙwaƙwalwa da na hali, a yarda da sakamakonsu?

Gwaji yana da amfani gwargwadon dacewarsa da wanda aka yi wa. Kowanne an auna shi ne a kan wasu mutane masu wani harshe da wata irin makaranta. A ɗauko shi a ɗora wa wanda bai tashi cikin wannan ba, sai a auna baƙuntarsa a kira ta ƙarancin basira. A 1979 alƙalin tarayya Robert Peckham ya hana makarantun Kalifoniya amfani da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata azuzuwan masu raunin fahimta, bayan an ga sun cika azuzuwan fiye da kima. Lamba guda a takarda tana iya bin yaro har girmansa. Saboda haka wajibi ne masani ya zaɓi gwajin da ya dace, ya faɗi iyakarsa a rahoto, ya kuma yi maka bayanin sakamakon da kalmomin da za ka gane.

Kotu ce ko wurin aiki ya turo ni. Masanin yana tare da ni?

A nan a yi hattara. Idan kotu ta ce a duba ka don rigimar riƙon yara ko don a san ko hankalinka ya isa fuskantar shari'a, rahoton na kotu ne. Dole ya gaya maka haka kafin tambayar farko: wa ya aiko shi, wa zai karanta, me za a yi da shi. Kuma bai dace wanda ke jinyarka ya zama shi ne mai auna ka don kotu ba, hula biyu ce da ba ta zama a kai ɗaya.

Tambayar "wa kake yi wa aiki?" ta taɓa girgiza sana'ar gaba ɗaya. A 2015 wani bincike mai zaman kansa da lauya David Hoffman ya jagoranta, mai shafi sama da 500, ya kammala cewa wasu jami'an APA sun haɗa kai da ma'aikatar tsaron Amurka wajen sassauta ƙa'idoji don masana su ci gaba da shiga tambayar fursunonin yaƙi da ta'addanci. Wasu da aka ambata sun musanta. A watan Agusta na shekarar ƙungiyar ta kaɗa ƙuri'ar hana 'ya'yanta shiga irin wannan aiki. Tun a gyaran 2010 an riga an rubuta cewa umarnin doka ko na shugaba ba zai zama hujjar take haƙƙin ɗan Adam ba.

Abin da yake rubutawa, ina yake zuwa?

Fayil ɗinka, wanda ya kamata ya kasance a kulle, ko a kabad ko a kwamfuta. A ƙasashe da yawa kana da haƙƙin ganinsa. APA ta ba da shawarar ajiye na manya shekara 7 bayan zaman ƙarshe idan doka ba ta ce wani abu daban ba. Yana kuma iya tattauna lamarinka da mai kula da aikinsa, ba tare da ya fallasa ko kai wane ne ba fiye da buƙata.

Kwamfuta ta ƙara wa amanar nauyi. A 2020 aka gano an kutsa cikin bayanan wani kamfanin jinya a Finland, aka kwashe rubuce-rubucen zaman dubun-dubatar mutane. Da kamfanin ya ƙi biya, sai ɓarawon ya riƙa aika wa majinyatan saƙo ɗaya bayan ɗaya: ka biya ko in watsa asirinka a intanet. Kamfanin ya karye a 2021, kotu kuma ta ɗaure mutumin fiye da shekara 6 a 2024, amma abin da ya fita ya fita. Idan ta waya ko bidiyo ake duba ka, tambayi inda ake ajiye bayanan, wa ke iya gani, da abin da za a yi idan layi ya yanke kana cikin mawuyacin hali. Kuma kada ka ji haushi idan ya ƙi karɓar abotarka a Facebook.

Me ya sa ba sa faɗin ciwon da ke damun wani shugaba ko tauraro idan an tambaye su?

Domin ba su duba shi ba. A 1964 wata mujalla a Amurka ta tambayi likitocin ƙwaƙwalwa ko ɗan takara Barry Goldwater ya cancanci shugabanci, sama da 1,000 suka ce bai cancanta ba, babu ko ɗaya da ya taɓa zama da shi. Ya kai ƙara ya ci, ƙungiyar likitocin kuma ta kafa dokar hana hakan a 1973. Masana halayya ma kundinsu ya ce ba a yanke wa mutum hukunci sai an duba shi yadda ya isa.

An ce in shiga wani bincike. In na ƙi, za a daina duba ni?

Ba a yarda a haɗa biyun ba. Tun daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947, waɗanda suka fito daga shari'ar likitocin Nazi da suka yi gwaji a kan fursunoni, yardar mutum ta zama sharaɗin farko na bincike. Fannin halayya ma yana da nasa tabon: gwajin Stanley Milgram na 1961 a Yale, inda aka sa mutane suka zaci suna jona wa wani lantarki har bolt 450, da gwajin kurkuku na Jami'ar Stanford a 1971, inda aka sa ɗalibai suka kwaikwayi fursunoni da masu gadi, wanda aka tsara mako 2 aka tsayar a kwana 6. Yanzu sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a fara, kana kuma iya fita duk lokacin da ka ga dama.

Yaushe ake daina zuwa, kuma wa ke yankewa?

Kai kana iya dainawa kowane lokaci. Shi kuma wajibi ne ya kawo maganar rabuwa idan ya ga ka warke, ko ba ka amfana, ko zaman na cutar da kai. Riƙe mutum don kuɗinsa cin amana ne. Yasar da shi tsakar hanya ma haka, don haka idan zai yi ƙaura ko ritaya, ko ka kasa biya, sai ya ba ka sanarwa ya nuna maka inda za ka je. Ba a kuma yarda ya roƙi wanda yake dubawa ya rubuta masa yabo don talla ba, saboda mai neman taimako ba ya iya cewa a'a cikin sauƙi.

Ina jin an yi mini ba daidai ba. Ina zan kai kuka?

Idan ƙaramin abu ne, kamar wata magana da ta yi maka zafi, fara da faɗa masa. Yadda ya karɓi ƙorafin zai nuna maka ko wane ne. Idan kuwa maganar taɓa jiki ce, ko neman soyayya, ko tona asiri, ko damfara, ba sai ka fuskance shi ba. Rubuta abin da ya faru da ranakunsa tun kana tunawa, ajiye saƙonni da rasit, ka kai wa shugabannin asibitin da hukumar da ta ba shi lasisi. Ƙungiyar sana'a iyakarta ta kore shi daga cikinta, hukumar lasisi ce ke iya hana shi aiki, abin da ya zama laifi a doka kuma na 'yan sanda da kotu ne.

Sai dai duk wannan yana aiki ne idan mutumin yana da rajista tun farko. A Birtaniya, misali, tun 2009 HCPC, hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya, ke rajistar masana halayya masu duba marasa lafiya, kuma laifi ne wanda ba ya cikin rajista ya ɗauki wannan laƙabi, amma laƙabin mai ba da shawara ba shi da irin wannan kariya a doka, kowa na iya rataya shi a ƙofa. Kafin zaman farko, tambayi inda ya yi karatu, wace hukuma ta yi masa rajista, da lambar rajistar, sannan ka duba ta da kanka a wurin hukumar.